Motar da Ta Ƙi Durƙusa wa Sarkin Tasha

Daga:
Ramlat Ishiyaku,
Gidan Gali Bakanike,
Bayan Injin Niƙa, Rano.

Litinin, 13 ga Oktoba, 2025.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaba,
Kwamitin Sasanta Al'amuran Ƙananan Tashoshin Mota,
Hanyar Rano zuwa Kibiya.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI A KAN TSARE MOTAR MAIGIDANA DA SARKIN TASHAR TSAMIYA YA YI TUN RANAR 26 GA SATUMBA, 2025, DA ROƘON A SAKE TA KAFIN SAFIYAR ALHAMIS MAI ZUWA

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, tare da fatan wannan takarda za ta sami Mai Girma Shugaba cikin ƙoshin lafiya, shi da iyalinsa da abokan aikinsa, ina neman izinin gabatar da kukana a gaban ofishinka, kasancewar shi aka ɗora wa alhakin duba abin da ke faruwa a ƙananan tashoshin hanyar nan tamu.

Ni ce mai suna a sama, malama a Islamiyyar matan aure ta unguwarmu, 'ya ga Malam Ishiyaku mai karatun zaure, kuma mata ga Gali Shamsuddeen, bakanike. Ƙa'idar ofis ce ta tilasta mini rubuta sunansa, a gafarce ni. Daga nan har ƙarshen takarda Baban Ihsan zan riƙa ce masa, yadda na saba. Da saninsa da izininsa na rubuto. Shi ya kamata a ce ya rubuta, to amma mutum ne da in an miƙa masa biro sai ya kwance shi ya ga yadda aka sa sufirin ɗin ciki, takarda kuwa tana nan fara fat har la'asar.

Kafin in jero ƙorafina, ina roƙon a ba ni dama in bayyana wace irin mota ake magana a kanta, domin labari ya zo mini cewa an shaida wa ofishinka wai abin wasan yara ce aka kama.

Mahaifina ya haura shekara tamanin, kuma gwiwoyinsa sun daɗe da ƙagewa, ba sa lanƙwasuwa. Yana iya takawa a hankali da sanda a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, amma ba ya iya ɗaga ƙafa ya hau ko da dokin ƙofa mai tsayi. Babur ba ya hawuwa gare shi. Adaidaita sahu ba ta da wurin miƙe ƙafa. Motar haya kuwa, Mai Girma Shugaba ya fi ni sanin cewa sai an ninke fasinja kafin ƙofa ta rufu. Sau ɗaya aka gwada ɗaukarsa cak, maza suka taru suka aza shi a bayan a-kori-kura. Da aka dawo ya ce kada a ƙara, shi ba buhun masara ba ne. Tun daga ranar ya daina fita daga gida.

Ba zaman gidan ne ya dame shi ba, karatun da ya tsaya ne. Kowace Alhamis, ranar da ɗalibansa ke hutu, ya saba zuwa Kibiya, zauren amininsa Malam Ramalan, inda yake karanta wa wasu dattawa wani babban littafin fiƙihu da suka faro tun ina firamare. A lokacin zauren cika yake yi har waje. Yau saura mutum uku: mahaifina, da Malam Ramalan, da Malam Bappa. Shi Malam Ramalan ɓarin jikinsa ya shanye, ba a fita da shi ko nan da ƙofar gida. Na Rano ba ya iya zuwa Kibiya, na Kibiya ba ya iya zuwa Rano, littafi ya koma cikin gafaka aka rataye shi a bango.

A farkon shekarar 2023 wani ya turo wa Baban Ihsan bidiyo a waya, na wasu samari a wata ƙasa mai nisa da ke sa ƙananan motoci suna tsalle suna kwanciya a titi don burge 'yan kallo. Duk wanda ya gani a garejin dariya ya yi ya wuce. Shi kuwa ya sake kallo, ya sake kallo, ya dawo gida ya ce mini ya ga hanyar da surukinsa zai shiga mota da ƙafarsa. Mako bai zagayo ba ya sayo gawar wata 'yar ƙaramar a-kori-kura da kaji suka daɗe da mayarwa akurki, aka janyo ta da igiya har ƙofar gidana.

Abin da ya yi mata, gwargwadon yadda idona ya gani, kunnena kuma ya sha, shi ne kamar haka. Ya cire sufirin na asali gaba da baya. Ya yanke casis ɗinta ta baya, wato ƙarfen da bodi ke zaune a kai, ya yi masa gantsarwa ta saman aksil mai haɗa tayoyi, ya walde, don bodin ya sami wurin sauka. Ya ɗage tankin mai da salansa zuwa sama kada su daki ƙasa. Ya samo ƙarafan haidirolik guda huɗu daga wata matacciyar tarakta a Madachi, wato irin ƙarfen nan da mai ke turawa ya miƙe ya kuma janye, kamar wanda ke ɗaga bayan tifa, ya ɗaura ɗaya a kan kowace taya. Famfon da ke tura man sai da ya je Ƙofar Ruwa a Kano sau ba adadi kafin ya dace. Ya jera batura a ƙarƙashin kujerar direba, ya ja tiyo ko'ina, ya dasa liba huɗu a kusa da giya. Duk wannan aiki a ƙofar gidana aka yi shi, fiye da shekara guda, har 'yarmu Ihsan ta iya cewa sifana kafin ta iya cewa Umma.

Ba zan ɓoye wa ofis irin wahalar da na sha ba, domin ita ce hujjata ta cewa ina da haƙƙi a kan motar nan. Gwaji na farko, baya ya tashi gaba ya ƙi, ta tsaya kai a ƙasa kamar akuya mai shan ruwa, kuma a haka ta yi kwanaki, masu wucewa suna yi mana jaje. Gwaji na biyu tiyo ya fashe, jan mai ya yi tsiri ya haura katanga ya sauka a kan fararen hijabaina da na shanya, har yau da su nake goge murhu. Gwaji na uku shi ne mai muhimmanci ga wannan ƙorafi, ina roƙon a lura da shi. Baban Ihsan ya loda buhunan masara a baya a madadin mutum, ya danna libar gaba kaɗai, gaban ya sunkuya, buhunan suka zamo suka fasa gilashin bayan direba. Tun ranar ya kafa wa kansa doka: in da mutum a baya, motar ba ta sunkuyar da gaba. Sai dai ta sauka gaba ɗaya, a hankali, bayan ta tsaya cik.

Ranar Alhamis, 18 ga Afrilu, 2024, aka kai ta ƙofar zauren mahaifina, an yi mata fenti kore, an kafa mata rumfar tampol, an ɗaure kujerar katako mai wurin miƙe ƙafa da noti a bayanta. Baban Ihsan ya danna, ta yi wani ɗan huci, ta sauka har bakin bodinta bai fi taƙi ɗaya daga ƙasa ba. Aka shimfiɗa katako. Malam ya dogara sandarsa ya taka ya shiga da ƙafarsa, ba wanda ya riƙe shi, ya zauna ya gyara riga. Da motar ta fara ɗagawa da shi sai ya kama dariya, ya yi ta yi har rawaninsa ya warware. Ni kuwa kuka na yi, ba na jin kunyar rubutawa. Ranar aka sauko da gafaka daga bango, kuma daga ranar har watan jiya Alhamis ba ta taɓa wucewa bai je Kibiya ba. In an zo inda ruwa ya ɓata hanya, motar ta ɗage cikinta sama ta haye, abin da wasu manyan motocin ma ba sa iyawa.

Saura abu ɗaya da ya kamata a sani. Baban Ihsan mutum ne da ba ya iya wuce majalisar dattawa bai rusuna ba, ga shi kuma a cikin mota ba a rusunawa. Wata rana yana wucewa ba kowa a baya, sai ya rage gudu ya danna libar gaba, motar ta durƙusa. Dattawan suka amsa gaisuwa har da ɗaga hannu, wani ma ya tambaye ta gida. Shi ke nan abu ya zama al'ada, gari ya sa mata suna Mai Ladabi. A sauran ranakun mako yana ɗaukar lodin tumatir da buhuna da ita a Tashar Tsamiya, kuma duk garin nan ba wanda ya kai Sarkin Tasha, Alhaji Mato, jin daɗin gaisuwar tata. Shi da kansa ya sa ta a layin masu lodi, bai ce tana da aibu ba. Kullum ta zo shiga sai ya gyara zama a kujerarsa ta bakin ƙofa ya jira.

Ga ƙorafina kamar haka:

1. Ranar Alhamis, 25 ga Satumba, 2025, Baban Ihsan ya ɗauko Malam zuwa Kibiya. Hanyar bayan gari suka saba bi, to ruwan ƙarshen damina ya cinye ta, dole suka biyo ta gaban tasha. Ashe a ranar Alhaji Mato yana da baƙi, surukansa daga Kano, kuma tun a kan abinci yake ba su labarin cewa a garinsu har mota durƙusa masa take yi. Da aka hango ta tafe sai ya sa aka fito da benci, aka jera baƙin a bakin titi, shi ya zauna a tsakiya ya baza babbar riga. Baban Ihsan ya rage gudu, ya yi hon, ya ɗaga hannu biyu har ya saki sitiyari, amma bai durƙusar da mota ba, ya wuce. An ce baƙin sun yi dariya, ɗayansu har da ƙwalla, wani kuma ya tambaya ko yau azumin gaisuwa take yi. Na yarda abin da ciwo, kuma ban ji daɗin da ya faru a gaban surukai ba. Amma ina roƙon ofis ya dubi dalili. Na farko, da an danna libar nan, da dattijo mai shekara tamanin ya bi sawun buhunan masara. Na biyu, Alhaji Mato a zauren mahaifina ya yi allo, daga Fatiha har inda Allah ya tsayar da shi. Ban taɓa jin garin da abin hawa yake ɗauke da malami kuma ya durƙusa wa ɗalibinsa ba. Tampol ne ya kare Malam, shi ya sa ba a gan shi ba.

2. Washegari Juma'a, 26 ga Satumba, Baban Ihsan ya shiga tasha da safe don ɗaukar lodi. Ya durƙusar da mota a bakin ƙofa kamar kullum, ba a amsa ba. Maimakon haka Sarkin Tasha ya sa aka kawo wata sanda mai tsaga a jiki, wadda ba direban da ya taɓa ganinta kafin ranar, ya ce ita ce ma'aunin tsayin motar lodi, duk wadda bodinta bai kai tsagar ba, ba mota ba ce. Aka kara, ba ta kai ba, domin a durƙushe take. Baban Ihsan ya ɗaga ta sama, ta wuce tsagar. Sarkin Tasha ya ce ta yi tsayi da yawa, iska za ta kayar da ita. Baban Ihsan, shi a tunaninsa gyara ake so, ya yi ta lallaɓa liba har ya daidaita ta a kan tsagar cif, ko allura ba za ta ratsa ba, 'yan kallo suka yi tafi. A nan ne Sarkin Tasha ya yanke hukunci cewa motar da ba ta da tsayi guda ba ta da amana, ba a san da wane tsayin za a rubuta ta ba. Ya karɓe makulli, ya sa aka zarga mata sarƙa da kwaɗo a jikin tsamiyar tasha. Ina neman ofis ya sanar da ni a rubuce ko sandar nan tana cikin kayan aikin da Kwamiti ya raba wa tashoshi, domin matar mai shayin tasha ta tabbatar mini cewa har ranar Larabar wancan makon da ita ake tokare tagar shagonsu.

3. Yadda ake riƙon motar ya saɓa wa amana. An juya ta tana fuskantar kujerar Sarkin Tasha, an bar ta gaba a ƙasa. A kwanakin farko 'yan kamasho suka mayar da ita abin nishaɗi, duk wanda ya shigo tasha, daga mai rake har mai tallan maganin basir, sai a danna ta gaishe shi. An sa ta ta durƙusa wa jaki, wannan da shaidu. A haka suka cinye batura ƙarƙaf, yanzu ko an so ta tashi ba ta iyawa. Baban Ihsan ya yi bayani cewa in aka bar haidirolik a danne ɓangare ɗaya tsawon lokaci robobin da ke riƙe mai suna lalacewa, ba a saurare shi ba, ga shi tun makon jiya jan mai yana ɗiga ta tayar hagu. Rumfar tampol ta zama wurin barcin rana na masu jiran lodi. Kujerar Malam kuwa, wadda ko ni ban taɓa zama a kanta ba, wata kaza ta yi ƙwai a kai, kuma an hana a tashe ta, wai ta Sarkin Tasha ce. Mijina yana zuwa safe da yamma yana share mata ganyen tsamiya, yana tara gwangwani a inda man ke ɗiga, ya dawo gida ya zauna ya tasa tuwo a gaba yana kallo. Mutumin da ban taɓa gani hannunsa ba baƙin mai ba, yau farcensa fes, kuma wallahi ban ji daɗin ganin haka ba.

4. An bi duk hanyar ban-haƙuri, ba a karɓa ba. Ranar Asabar, 27 ga Satumba, Baban Ihsan ya je ya cire takalmi ya durƙusa da gwiwoyinsa a gaban jama'a. Sarkin Tasha ya ce shi ba shi da matsala da Gali, Gali yaron kirki ne, motar ce ta yi masa rashin kunya. Aka shaida masa cewa Malam ne a baya. An ce ya cire hula ya mayar, sannan ya ce shi tampol ya gani. Ranar 4 ga Oktoba limamin unguwarmu ya taka da kansa. Amsar da ya dawo da ita ita ce, tunda a gaban surukai aka ƙi gaisuwar, to a gaban surukan za a yi ta, kuma za su dawo bikin wata 'yar uwarsu a ƙarshen Disamba. Ranka ya daɗe, ina so in yi wa Alhaji Mato adalci. Ba mugun mutum ba ne. Duk kaka sai ya aiko wa Malam dami, bana ma ya aiko, ana tsakiyar wannan rigima. A ganina ya hau wuri mai tsayi ne a gaban jama'a, ya waiwaya bai ga tsani ba, yana jiran wanda ya fi shi ya ce masa sauko. Shi ya sa na rubuto wa ofishinka maimakon in kai maganar wani wuri.

5. Cutarwa mafi girma ba a kan ƙarfe ta faɗa ba. A zaman ranar 25 ga Satumba dattawan nan uku suka tsaya a bakin babi na ƙarshe. Babi ɗaya tak ya rage a littafin da suka ƙarar da ƙarfinsu a kai, zama ɗaya zai ishe shi. Iyalin Malam Ramalan har sun ɗaure rago don walimar sauka. Alhamis ta 2 ga Oktoba ta wuce, ta 9 ga wata ma ta wuce, rago yana ta ƙiba, masu karatu suna ta ramewa. An gwada yin karatun ta waya. Malam Ramalan ba ya ji sosai, mahaifina ya karanta layi, shi kuma ya amsa da cewa lafiya lau, ya iyali; aka haƙura. Ban da haka ma mahaifina ya ce littafin da aka faro ana kallon fuskar juna ba za a rufe shi ta cikin kwalin roba ba. An nemi wata motar, babu wadda ke sauka ƙasa daga nan har Kano, ɗauka cak kuwa ya riga ya rantse ba a ƙara yi masa. Malam Ramalan ya yi zazzaɓi mai zafi a watan Agusta har aka fara kiran 'yan uwa, Allah ya tashi kafaɗarsa. Ƙarshen Disamba ba nisa ga mai jiran biki. Ga mutum uku da ƙaraminsu ya ba saba'in baya kuwa, da nisa, ina jin tsoronsa ƙwarai.

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, nake roƙon Mai Girma Shugaba ya ba da umarni a kwance sarƙar nan a mayar wa mai mota makullinsa zuwa ranar Laraba, 15 ga Oktoba, don ya sami yini guda ya yi cajin batura, ya canza robobi, ya wanke kujera. Ina kuma roƙon Kwamiti ya fitar da matsaya a kan sandar awo, ko a tabbatar da ita ga kowace mota ko a mayar wa mai shayi abarsa. Ba ma neman a ci mutuncin kowa, ba ma neman a sauke kowa daga kujerarsa. Baban Ihsan ya ce in rubuta cewa in surukan sun dawo a Disamba, zai kawo motar ba kowa a baya, a wanke, ta durƙusa musu ɗaya bayan ɗaya har sai sun ce ya isa. Kazar ma in an ba mu lokaci za mu sama mata kwando.

Dalilin da ya sa na ƙayyade rana, alhali na san ba a yi wa ofis gaggawa, shi ne wannan. Mun yi ta ɓoye wa Malam asalin maganar, muna ce masa motar tana tasha ana wani bincike. Jiya Lahadi, 12 ga Oktoba, Malam Bappa ya zo duba shi a kan babur, ya kwashe labari duka ya faɗa masa. Bayan azahar ya sa aka kira ni da Baban Ihsan. Ba fushi a fuskarsa, har da ɗan murmushi. Ya ce ashe saboda shi motar ta ƙi gaisuwa, to durƙuson nasa ne, ba na ƙarfe ba. Ya ce ranar Alhamis da safe a aro baro a sa shi a ciki a tura shi har tasha, a sauke shi a gaban Mato, ya durƙusa masa, a ba shi motarsa ya je ya rufe littafinsa. Mutumin da ya ƙi a ɗauke shi kamar buhu, yau shi ke neman baro da bakinsa.

Na ɗauka wasa yake yi, domin yana da barkwanci. Ba wasa ba ne. Ya sa an wanke masa farar rigarsa. Ya sa na sayo masa man zafi. Yau da hantsi na je kai masa koko na tarar da shi a tsaye ya riƙe ƙyauren zaure da hannu biyu, yana gwada lanƙwasa gwiwa, gumi yana bin gemunsa, kuma na ji ƙarar da ƙashin ya yi daga inda nake tsaye. Na san mahaifina, in ya ce zai yi abu sai ya yi. Na kuma san garin nan: in aka ga Malam Ishiyaku a ƙasa gaban ɗalibinsa, Alhaji Mato ba zai ƙara iya ɗaga kai a Rano ba, shi ma ba na so masa haka.

Ranka ya daɗe, shekaru ke nan mahaifina a kan kujera yake salla, da ishara yake ruku'u, da ishara yake sujada. Allah da ya halicci gwiwoyin nan ya ɗauke musu zuwa ƙasa a gabansa. Ina roƙonka ka sa Sarkin Tashar Tsamiya shi ma ya ɗauke musu, kafin safiyar Alhamis.

Ina neman afuwa a kan tsawon takarda, da duk inda alƙalamina ya zarce iyaka. Allah ya ƙara wa Mai Girma Shugaba lafiya da basira, ya sa a gama da duniya lafiya.

Wassalamu alaikum.

Taka mai biyayya,

Ramlat Ishiyaku
(Matar mai motar da aka tsare, 'yar wanda ake ɗauka a cikinta)